Yadda zaki rubuta wa yara littafin al'ajabi a kan tatsuniyoyin mutanen Slav

In kina son rubuta wa yara 'yan shekara 8 zuwa 12 dogon labari da ya tsaya kan tatsuniyoyin mutanen Slav, wato su Rasha da Yukren da Polan da maƙwabtansu, akwai abu ɗaya da nake so ya zauna miki a kai tun kafin ki buɗe wayarki ki fara taipin. Sihirin waɗannan mutanen ba na ƙarfi bane, na ƙa'ida ne da ladabi da biyan bashi. Yarinyar da ta tsira a labarinsu ba don tana da sanda mai fitar da wuta ta tsira ba, don ta gaida wanda ya kamata ta gaida ne, ta ciyar da wanda kowa ya manta dashi, ta san tambayar da ake yi da wadda ake haɗiyewa. Duk matakan da zan kawo a kan wannan suke tafiya. Ina cewa "ki" ne saboda mata sun fi yawa a rubutun onlayin namu, maza ku ma ku ɗauka.

Mataki na farko, zaɓi wuri ɗaya tak

Slav ba ƙabila ɗaya bace mai labari ɗaya. Kashi uku ne manya, na gabas su ne Rasha da Yukren da Belarus, na yamma su ne Polan da Cek da Silobakiya, na kudu kuma su Sabiya, Kuroshiya, Bulgeriya, Bosniya da sauransu. Kowa da nasa halittun, ko inda suka yi tarayya ma hali ya bambanta. Misali mai gidan ruwa, a Rasha Vodyanoy suke ce masa, tsoho ne mai muni da yake zama kusa da injin niƙa na ruwa yana jan mutane ƙasa, amma a ƙasar Cek sunansa Vodnik, yana sa koriyar riga yana zama bakin tafki, kuma yana tara rayukan waɗanda suka nutse a cikin ƙananan kofuna masu murfi. Kinga in kika haɗa su a ƙauye ɗaya kin yi kwaɓa, mai karatu bazai iya faɗin abinda ya dame shi ba amma zai ji labarin bashi da ƙasa.

Dan haka ki ɗauki taswira ki zaɓi yanki. Ni a misalin da zan bi a wannan jagorar na ɗauki ƙauye a arewacin Rasha, cikin ƙungurmin daji, a ƙarni na 19, kafin lantarki. In ke fadama da tafkuna kike so ga yankin Polesiya a iyakar Belarus da Yukren, in duwatsu kike so da matan iska masu rawa da ake kira Vila ki sauka kudu wajen Sabiya.

Mataki na biyu, karanta asalin kafin ki karanta na zamani

Wannan shi ne wanda mutane ke tsallakewa, su kalli katun biyu su ce sun san Baba Yaga, tsohuwar mayyar nan ta tatsuniyoyinsu. Ki nemi tarin tatsuniyoyin Aleksandr Afanasyev, wanda ya fito kashi kashi tsakanin 1855 da 1863, labarai ne kusan 600, shi ne rumbun na Rasha. Wani Bature ɗan Ingila W. R. S. Ralston ya fassara da yawa daga ciki zuwa Turanci a 1873, kuma yana nan kyauta a Project Gutenberg, wani shafin intanet na tsofaffin littattafai. Ki kula dai, akwai wani tarin daban da ake jingina wa Afanasyev na labaran batsa, wannan ba shi kike nema ba, in kika ci karo dashi ki wuce. Na Sabiya Vuk Karadzic ne ya tattara, na Cek da Silobakiya akwai Karel Jaromir Erben da Bozena Nemcova da Pavol Dobsinsky, na Polan Oskar Kolberg. Ga kuma wata marubuciya 'yar Kuroshiya, Ivana Brlic-Mazuranic, da ta fitar da littafin yara a 1916 inda ta ɗauki sunaye da halittu daga tsohon imanin Slav amma ta ƙirƙiri labaranta sababbi, to ainihin irin aikin da kike son yi kenan, ya kamata ki ga yadda wata ta yi shi shekara sama da ɗari da suka wuce. Don ido kuma ki duba zane-zanen Ivan Bilibin na wajajen 1900, a nan zaki ga yadda gidan katako yake, da kayan sawa, da dajin.

Ki karanta a ƙalla talatin, da littafin rubutu a gefe. Kada ki rubuta taƙaitaccen labarin, ki rubuta ƙa'idodi kawai. Wa aka ciyar, me ya biya dashi. Me aka hana, me ya faru da aka karya. Kafin ki kai na ashirin zaki ga abubuwa na maimaita kansu, kuma ba ke kaɗai kika gani ba, wani malami Vladimir Propp ya bi labarai ɗari daga cikin na Afanasyev ya fitar a 1928 cewa ayyuka 31 ne suke ta juyawa a jere ɗaya, kamar a hana, a karya hanin, a rasa wani abu, a bar gida, a haɗu da mai gwaji, a samu abin taimako, a yi gudu, a dawo. Ba sai kin cika duka 31 ɗin ba, amma ƙashin bayan littafinki yana nan ciki.

Akwai wani abu da ake kira Littafin Veles da yake yawo a intanet wai tsohon littafin addinin Slav ne, na jabu ne, masana sun daɗe da tabbatarwa, kar ki ɗora komai a kansa.

Mataki na uku, gina gidan kafin dajin

Yara basa jin tsoron daji sai sun san ɗumin da aka bari a baya. Gidan ƙauyen Rasha sunansa izba, da gungumen itace ake gina shi, kuma zuciyarsa shi ne murhu, ba ɗan murhu ba, ƙaton gini ne na yumɓu ko bulo da yakan cinye kusan rubu'in ɗaki, a ciki ake gasa burodi da dafa abinci, a samansa tsofaffi da yara da marasa lafiya suke kwana saboda sanyi. Kusurwar da ke fuskantar murhun a karkace ita ce wurin daraja, nan ake ajiye hotunan addini don mutanen Kiristocin Otodoks ne, nan ake zaunar da babban baƙo. Abincinsu baƙin burodi, da kasha wato fate na hatsi, da miyar kabeji, da zuma, da laimar kwaɗi da ake tsinta a daji a busar, da wani abin sha mai tsami da ake yi da burodi sunansa kvas. Talaka takalmin saƙa yake sawa na ɓawon itace, lapti, baya daɗewa yake mutuwa. Baƙo da burodi da gishiri ake tarbarsa. In kin mayar da labarin can baya kafin ƙarni na 18 to ki cire dankalin turawa da tukunyar shayi ta samoba, basu shiga ƙauye ba tukuna.

A bayan wannan murhun Domovoy yake zama, shi ne mai gidan ɓoye, ɗan ƙaramin tsoho mai gashi, sau da yawa yana kama da kakan gidan da ya rasu. Ba a cika kiran sunansa ba, kaka ake ce masa ko maigida. Yana son tsafta da zaman lafiya, yana ƙin faɗa da ashar da lalaci, ana ajiye masa ɗan burodi ko madara, in ya ji daɗi ya kitsa wa doki gezarsa da dare, in ransa ya ɓaci ya fasa kwanuka ya wahal da dabbobi. Sannan ga ƙa'idar da ni a kanta zan ɗora littafi guda, in iyali zasu tashi zuwa sabon gida dole a gayyace shi ya biyo su, wasu a tsohon takalmi suke ɗauko shi, wasu uwar gida ke kwaso garwashin tsohon murhu a tukunya ta kai sabon.

To ga labarina na misali. Yarinya Dunya mai shekara 11, iyalinta sun tashi daga tsohon gida cikin gaggawa da rigima bayan rasuwar kakarta, wadda ita kaɗai ce take tuna waɗannan abubuwan, babu wanda ya gayyaci Domovoy. A sabon gida burodi baya tashi, saniya ta daina nono, iyayen sai faɗa, kuma ran nan uwar cikin gajiya da fushi ta ce wa ƙanin Dunya mai ƙiriniya "mai daji ya ɗauke ka". A imanin mutanen can wannan kalmar ba wasa bace, yaron da uwa ta yi wa baki haka Leshy, wato shi mai dajin, yana da hakkin ɗaukarsa. Da yamma yaro bai dawo ba. Babi uku na farko kenan, kuma ki lura ba a ga ko halitta ɗaya ba tukuna.

Mataki na huɗu, kalandar su ita zata baki agogo

Halittun nan kowa da lokacinsa, kuma wannan kyauta ce ga marubuci. Rusalka, 'yan matan ruwa masu kashe mutum da cakulkuli, a farkon bazarar su suke fitowa wajen watan Yuni, mako guda ne da aka sani da su. Poludnitsa, farar mata mai lauje, da tsakar rana take fitowa a gona lokacin girbi, a wasu wurare tana tsare mutum da tambayoyi sai ya yi ta bata amsa har rana ta karkata. Furen da ake cewa yana fitowa dare ɗaya tak a shekara a jikin wani tsiro da baya fure, daren bikin Ivan Kupala ne a tsakiyar bazara. Morozko, tsohon sanyi, na hunturu ne. A Polan har yau yara na jefa mutum-mutumin Marzanna a ruwa ranar 21 ga Maris don sallamar hunturu.

Shi kuma Leshy mutanen ƙauye na cewa ranar Yerofey, 17 ga Oktoba a lissafin yanzu, yana haukacewa ya karya bishiyoyi ya kori namun daji sannan ya nutse cikin ƙasa sai hunturu ya wuce. Shikenan na samu agogona, in Dunya bata karɓo ƙaninta kafin wannan ranar ba zai nutse tare dashi. Sai in fara labarin saura kwana tara, kowane babi biyu rana ɗaya ta tafi, ganye na zuba, dusar ƙanƙara ta farko na hanya. Yaro mai karatu zai riƙa ƙirga kwanakin da kansa ba sai kin tuna masa ba.

Mataki na biyar, halitta uku ko huɗu sun isa, amma kowacce ki rubuta mata takarda

Jarabar ita ce ki zuba duka, tsuntsun wuta, maciji mai kai uku, Koshchey mugun matsafin da baya mutuwa, kowa da kowa. Kar ki yi. Ki zaɓi uku ko huɗu, kowacce ki amsa tambaya huɗu a kanta, me take so, me take ƙi, wace ƙa'ida ce ta ɗaure ta ita kanta, me ake biyanta dashi.

Ɗauki Leshy. A cikin daji tsawonsa ya kai bishiya, in ya fito fili sai ya koma tsawon ciyawa. Yana kwaikwayon muryar wanda ka sani ya kira ka har ka ɓata. Maganinsa sananne ne, ka juya rigarka baibai, ka sa takalmin dama a hagu na hagu a dama. Kuma ɗan caca ne, ana cewa in aka ga zomaye ko kurege sun yi hijira daga wani daji zuwa wani to wani Leshy ne ya sha kashi a karta ya biya da su. Kinga daga nan kaɗai babi biyu sun fito, na ɓata da juya riga, da na ƙarshe inda Dunya zata gano cewa ƙaninta ma an riga an ci shi a caca an biya wani Leshy dashi.

Ita kuwa Baba Yaga a nan nake so mu daɗe, saboda ita aka fi ɓatawa. Tsohuwa ce mai ƙafar ƙashi, tana tashi sama a cikin turmi, tana tuƙa shi da taɓarya, tana share sawunta da tsintsiya. Bukkarta a kan ƙafafun kaza take tsaye, ta juya wa mai zuwa baya, sai an ce mata ta juya bayanta ga daji gabanta gare ni sannan ƙofa ta bayyana. Shingen gidan na ƙasusuwa ne, a kan kowane ginshiƙi ƙoƙon kai mai ido na wuta. Tana cin yara, wannan gaskiya ne. Amma a labarai da yawa ita ce take bada doki, ko dunƙulen zare mai gangarawa yana nuna hanya, ko labarin inda za a samu abinda ake nema. Abinda ke raba wanda ta ci da wanda ta taimaka shi ne yadda ya shigo. Jarumi in ta fara yi masa tambaya sai ya ce a'a tsohuwa, fara bani abinci da abin sha, ki haɗa min wanka, sannan ki tambaya, sai kuwa ta yi, don ita ma hakkin baƙo ya ɗaure ta. A labarin wata yarinya Vasilisa, ta tambayi tsohuwar game da mahaya uku da ta gani a hanya, fari da ja da baƙi, aka ce mata hasken asuba ne da rana da dare, amma da ta ga hannaye marasa jiki suna aiki a cikin gidan sai ta yi shiru, tsohuwar ta ce gara da kika tambayi na waje baki tambayi na ciki ba. A wani labarin kuma yarinya ta zuba wa ƙyaure mai, ta ɗaura wa bishiya ƙyalle, ta ba karnuka burodi ta ba kyanwa nama, da ta zo gudu duk suka ƙyale ta, da Baba Yaga ta yi musu faɗa sai suka ce shekara nawa muna miki bauta baki taɓa bamu komai ba.

In kin tashi da tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, wadda ɗaya ta cuɗa wa tsohuwa baya da ladabi ta dawo da arziki ɗayar ta yi rashin kunya ta dawo da masifa, to kin riga kin san wannan ginin a jininki, ƙasa ce kawai ta canza. Amfani da wannan sanin zaki yi, ba wai ki mayar da Baba Yaga tsohuwar Kano ba. Kar ki sa ta tuba a ƙarshe ta zama kaka mai kirki, kar kuma ki kashe ta. Dunya ta fita daga gidanta da abinda ta zo nema tana waige, kuma mai karatu ya san in ta sake komawa gobe ba lallai ta fito ba.

Mataki na shida, kowane taimako da farashinsa

Yanzu ki zana tafiyar a takarda ɗaya, layi biyu, na hagu abinda yarinyar ta bayar, na dama abinda ya dawo mata. Kada wani abu ya bayyana a dama in babu tushensa a hagu. 'Yar tsanar da uwar Vasilisa ta bar mata bata aiki sai an bata abinci, ko sihirin uwa ma sai da ciyarwa. A nawa, Dunya ta fara komawa tsohon gidan ta sami Domovoy ya rame yana fushi a bayan murhu mai sanyi, ta hura wuta, ta share ɗaki, ta ajiye masa rabin burodinta wanda shi kenan guzurinta, ta nemi afuwa a madadin iyayenta, sai a dare na uku ya yarda ya shiga takalmin. Daga nan zuwa ƙarshe da ƙafa ɗaya ba takalmi take tafiya cikin sanyin Oktoba, wannan shi ne farashin, kuma kowane shafi yaro zai ji shi a tafin ƙafarsa. Sannan shi Domovoy a daji bashi da ƙarfi ko kaɗan, na gida ne, shawara kawai yake iya bayarwa da mita, amma a bukkar Baba Yaga akwai murhu, inda murhu yake kuwa yana da ta cewa.

Uku uku suke tafiya, aiki uku, dare uku, 'yan uwa uku, ki riƙe wannan amma na ukun ya karkace. Wajen gudu akwai kayan da aka sani, a jefa mataji ya zama daji, a jefa tawul ya zama kogi. In zaki yi amfani da ruwa biyu na sihiri da ke cikin labaransu ki bi tsarinsu, ruwan mutuwa ake fara yayyafawa ya haɗe jikin da aka sassara, sannan ruwan rai ya tada shi, in kika juya su duk wanda ya san labaran zai gane baki karanta ba. Haka Koshchey in har kin sa shi, mutuwarsa tana kan allura, allura a cikin ƙwai, ƙwai a cikin agwagwa, agwagwa a cikin zomo, zomo a cikin akwati a ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya a tsibirin Buyan, kuma dabbobin da jarumi ya ƙi kashewa a hanya lokacin da yake jin yunwa su ne suke kamo masa zomon da agwagwar da ƙwan da ya faɗa teku.

Mataki na bakwai, maganar addini da iyaye

Iyaye ne masu sayen littafin yara, kuma namu zasu tambaya. Shawarata ki bar manyan allolinsu na da gaba ɗaya. An san Yarima Vladimir ya kafa gumakan su Perun da Mokosh a Kiev, babban birnin Yukren a yau, a 980, ya kuma rushe su da ya karɓi Kiristanci a 988, abinda aka rubuta a kansu kaɗan ne, galibin abinda zaki gani a intanet ƙari ne na baya. Tatsuniyoyin kansu ma basa buƙatarsu. Ki tsaya kan halittun gida da daji a matsayin tatsuniya, kar ki rubuta wasu kalmomin tsafi da yaro zai haddace, kar kuma ki liƙa musu sunayen aljanu ko na bori don ki sauƙaƙa, zaki jawo wa kanki magana kuma ki ɓata duka biyun. Mutanen ƙauyen ki barsu a addininsu kamar yadda suke. Shafi ɗaya a farko da zai ce wa iyaye waɗannan tatsuniyoyin wasu mutane ne a wata ƙasa ya wadatar.

Tsoro kuwa kar ki cire shi, yara na sonsa. Ƙoƙon kai mai wuta ya tsaya, amma kar ki tsaya siffanta jini, kuma bayan kowane babi mai firgita ki kawo wuri mai ɗumi da abinci. Su kansu labaran suna da maganar da suke cewa a kwanta, safiya ta fi dare hikima, wurin hutun kenan.

Mataki na takwas, rubutun kansa

Ki nufi kalma 30,000 zuwa 40,000, babi 18 zuwa 22, kowanne yadda za a iya karanta shi a baki kafin yaro ya yi barci. Ki rubuta da Hausar da zaki yi wa ƙaninki magana, baƙin kalmomi kar su wuce goma sha biyu a duk littafin, kuma kowacce ta fara zuwa tare da aikinta, a ga ana cin kasha da cokalin katako kafin a damu da sunanta. Sunaye ki zaɓi masu sauƙin faɗa, Dunya, Vanya, Masha, Olya, kuma ki sani waɗannan na lele ne, cikakken sunan Vanya Ivan ne, na Masha Mariya, babba kuma ana girmama shi da haɗa sunansa da na ubansa kamar Ivan Petrovich. Kowane mutum ki tsaya masa kan suna ɗaya, in ba haka ba yara zasu ɗauka mutum biyu ne.

Sanyi shi ne zai fi baki wuya saboda mai karatunki bai taɓa taka ƙanƙara ba, kuma faɗin cewa akwai sanyi sosai baya isarwa. Ki nuna abinda yake yi, numfashi na fita kamar hayaƙi, ruwan bokiti ya yi ɓawo da safe sai an fasa, yatsu sun ƙi ɗaure igiya, rana ta faɗi tun ba a gama aikin yini ba.

In kin gama zubin farko ki ajiye shi sati biyu, sannan ki ɗauki takardar nan mai layi biyu ki bi littafin babi babi, duk inda aka ceci Dunya ba tare da ta biya ba ki koma baya ki dasa biyan ko ki cire ceton. Bayan nan ki tara yara uku ko huɗu ki karanta musu babi biyar na farko a baki, kar ki tambaye su ko ya yi daɗi don zasu ce eh, ki kalli inda suka fara wasa da yatsunsu ki sa alama, ki saurari sunan da suka kasa maimaitawa ki canza shi, sannan ki tsaya daidai inda Dunya ta isa gaban bukkar ki tambaye su me ya kamata ta yi kafin ta shiga. In suka fara gardama a junansu kan ko ta gaida tsohuwar ko ta fara neman abinci, ƙa'idodin sun shiga, ki cigaba da gyaran sauran. In suka ce ta ɗauki sanda ta buge ta, ki koma babi na ɗaya zuwa na uku ki ƙara wurin da aka ga an kiyaye wata ƙa'ida an tsira da wurin da aka karya aka sha wuya, sannan ki nemo wasu yaran daban ki sake gwadawa.